Harajin Ƙofa

Da rana tsaka suka ƙulla cinikin, lokacin da titi ya yi fari fat har ba ya kalluwa. Tela yana zaune a bakin ƙofar shagonsa, ƙafa ɗaya a kan fedar keken ɗinki, tef ɗin awo rataye a wuya. Maƙwabcinsa mai gyaran agogo, wanda duk layin ke kira Ido Ɗaya saboda ɗan gilashin da kullum yake maƙale a idonsa na dama, ya jawo benci ya zauna kusa da shi. Rediyo yana tsakaninsu yana ta zuba.

"Ka dai ji da kunnenka," in ji Ido Ɗaya. "Ƙofa za su bi. Duk ƙofar shagon da ta buɗe a kan titi, haraji ya hau ta."

"Ai ba su gama muhawara ba tukuna."

"Kai ma ka san su. In ka ji ana muhawara a rediyo, an riga an yanke, jira kawai ake mu gaji da surutu."

Tela bai musa ba. Tun da aka shiga maganar nan, ba abin da ake ji a rediyo sai ita. Wani masani ya ce harajin ƙofa ya fi adalci, don ƙofa ba ta ɓuya kamar riba. Wani ya ce za a kashe ƙananan 'yan kasuwa. Na uku ya ce da kuɗin za a gyara makarantu, su biyun kuma suka taru suka rufe shi da faɗa.

Ido Ɗaya ya ƙwanƙwasa bangon da ya raba shagunansu. "Bulo ne jeri ɗaya. Mu fasa shi, mu toshe ƙofa guda. Shago ɗaya, ƙofa ɗaya, haraji ɗaya."

"Ƙofar wa za a toshe?"

"To, ni ka ga tawa a kan kwana take, ga babban agogo a rataye. Mai wucewa ya ɗaga kai ya duba lokaci, sai ya tuna nasa ya tsaya. Kai kuwa masu ɗinkinka ko cikin rijiya ka koma da kekenka za su biyo ka."

Maganar ta yi wa Tela daɗi, amma ya ɓata fuska, don shi ba yaro ba ne a ciniki. Ya ce in dai tasa za a toshe, to sunan Ido Ɗaya ne zai shiga wurin hukuma, shi zai riƙa fama da ma'aikata da tambayoyinsu. Kaso mafi tsoka na harajin ma a wuyansa. Fanka kuma ta fuskanci ɓangaren ɗinki. Rediyo da safe shi zai zaɓi tasha.

"Har rediyon?"

"Har shi."

Suka tafa. Kowannensu ya koma kan aikinsa yana murmushi, yana ganin ya kwantar da ɗan'uwansa. Tela ya ɗauki zare ya zura a allura karo ɗaya, ko dubawa sosai bai yi ba.

Da yamma a gida ya tarar da 'yarsa, malamar firamare, zaune a kan tabarma tana duba aikin yara. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka Mamana yake kiranta, ita kaɗai ce kuma a gidan take iya ja da shi. Ya ba ta labarin cinikin yana jiran yabo.

Ta ajiye jan biro. "Baba, kuɗin nan fa makarantu aka ce za a gyara da su."

"Haka suka ce lokacin harajin kwata. Ga kwatar nan a ƙofar gida tana gaishe ki kullum da safe."

"Ajina in ruwa ya sauko sai mu taru a lungu ɗaya kamar kaji. In kowa ya toshe ƙofarsa, da me za a sa mana kwano?"

"Ni ban hana su karɓa ba, Mamana. In sun ga ƙofa su karɓa."

"Wallahi Baba, kai da Baffa Ido Ɗaya, da ku aka ba ƙasa da tuni kun toshe mata iyaka kun zauna a ciki kuna jin rediyo."

Ya yi dariya har da tari. Sai ta gaya masa abin da ta zo da shi. Shugaban makarantarsu yana neman wanda zai ɗinka wa sababbin ɗalibai kayan makaranta kafin a koma hutu, riga da wando, shuɗi mai duhu. Teloli da yawa sun nema. Ita ta tsaya ta ce a ba babanta, ta ce in aka ga kuskure ko a aljihu ɗaya ne a tuhume ta.

"Kin faɗi gaskiya," in ji shi. "Ba a taɓa dawo mini da ɗinki ba."

Wannan kuwa haka yake, duk layin sun shaida.

Magini ya zo da guduma da buhun siminti yana fara'a. Ya ce daga nan yana da shaguna har ƙarshen layi, kowa ƙofa yake so a toshe masa, shi kam Allah ya yi wa dokar nan albarka tun ba a haife ta ba. Ya fasa bangon tsakiya, ya kwashe bulon ya jera su a ƙofar Tela, ya shafe da siminti. Tela yana tsaye yana kallo har ɗan hasken da ya rage a sama ya rufe. Ya ji wani abu a ransa, amma ya ce ƙura ce.

Zaman tare bai zo da sauƙi ba. Da Tela ya taka keke, teburin Ido Ɗaya sai ya kama rawa, ƙananan ƙusoshin agogo su yi tsalle su faɗi ƙasa, mai su ya bi su da rarrafe yana ƙunƙuni. Shi kuma Tela agogunan bango suka hana shi sakat, kowanne da lokacinsa, wannan ya buga ya gama wancan ya ɗauka. Sai suka zauna sulhu kamar ƙasashe biyu. Tela ya ɗauki allin ɗinki ya ja layi a ƙasa daidai inda bangon yake a da.

"Ga iyaka. Ƙyallena ba zai tsallaka ba, ƙusarka ma kar ta tsallako."

"In ta tsallako fa?"

"Ta zama 'yar gudun hijira. Sai ka aiko jakada."

Aka yarda in Ido Ɗaya ya buɗe cikin agogo zai ce "a tsagaita wuta," Tela ya ɗage ƙafa har a rufe. Wannan duk wasa ne, sun iya da shi.

Abin da ba wasa ba, Tela bai gaya wa kowa ba. Ran da ya fara aiki a sabon wurinsa, can ciki, ya lashi bakin zare ya nufi allura, zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake. Ya ce allurar ce, ya canza wata. Ya kunna ƙwan lantarki, sai ya ga ƙwan da wani hayaƙi kewaye da shi, kan keken kuma inuwar hannunsa ta rufe komai. Da aka ɗauke wuta kuwa, sai ya zama da shi da mai ɗinki cikin buhu duk ɗaya.

Tun yana saurayi a bakin ƙofar nan yake ɗinki, rana tana faɗowa a kan allura daga safe har la'asar. Bai taɓa zama ya yi tunanin nawa ne aikin idonsa, nawa ne aikin ƙofar ba. A cinikin ya tuna fanka, ya tuna rediyo, bai tuna haske ba, don a lokacin hasken yana ko'ina kyauta.

Sai ya koma wa dabarar teloli. Ba ya barin zare ya ƙare a keke. In ya kusa ƙarewa sai ya ƙulla bakin sabo da wutsiyar tsoho, ɗan ƙulli siriri, ya ja a hankali har ya bi ta idon allura ya fito. Sauran aikin kuma yatsu suka karɓa. Hannun da ya shekara da shekaru yana bin bakin yadi ai ya san hanya, haka ya gaya wa kansa. Ya yanka shuɗin yadin makaranta, ya haɗa, ya tara, ya ɗaure, 'yarsa Malama ta zo ta ɗauka.

Ba a jima ba ta dawo da ƙunshin a kai. Ta gaida Ido Ɗaya a bakin ƙofa, ta tsallaka layin alli, ta sauke kayan a kan teburin yanka. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, na ce wa shugaba kekenka ne ya sami matsala. Ya ce a gyara kafin a koma."

"Me ya same su?"

Ta zaro riga ɗaya. Aljihun ya karkace kamar zai zubar da abin da ke ciki. Ta zaro wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ya shafa ɗinkin da yatsa, ya fara cewa yadin ne mai santsi, yadin zamani ba shi da amana. Sai ta ɗauko zaren da ke kan keken ta miƙa masa.

"Wannan wane launi ne, Baba?"

"Shuɗi mana."

Ta ɗauko wani zaren daga cikin kwali ta haɗa su a tafin hannunta. Ya duba, ya ga abu biyu masu duhu, iri ɗaya.

"Na kan keken baƙi ne," in ji ta a hankali. "Rabin kayan da baƙi ka ɗinka."

Agogunan bango suna ta tafiyarsu. Ido Ɗaya, wanda ko numfashi aka yi a shagon sai ya tanka, ya duƙufa a kan wani agogon hannu kamar ba ya nan. Tela ya fi jin ciwon wannan shirun a kan maganar 'yarsa.

"Duhu ne," in ji shi. "Wurin ne ba haske."

"To mu je a duba idon, in duhu ne likita ya ce duhu ne."

"Ba inda za ni. Jeki, zan gyara."

Ta tafi. Ya zauna da ƙunshin a gabansa har aka tashi, bai taɓa shi ba. Abin da yake gani a ransa shi ne yarinyar nan tsaye a ofishin shugaba tana yi wa keke ƙarya saboda shi. In kuma ya sake ɗinkawa ya sake ɓatawa, to shi ke nan, ya tashi daga tela ya koma tsohon da ake ba facin wando don tausayi.

Washegari da ya zo buɗe shago ya tarar an riga shi. Kekensa yana bakin ƙofa, ƙarƙashin babban agogo, rana tana kwance a kansa. Teburin Ido Ɗaya kuma ya koma can ciki, jikin ƙofar da aka toshe, da 'yar fitila mai caji a kai. Mai shi yana zaune yana haki, ga alama shi kaɗai ya yi jan kayan.

"Wannan kuma fa? An yi juyin mulki ne?"

"Ƙurar titi ce ta dame ni," in ji Ido Ɗaya, bai ɗago ba. "Tana shiga cikin agogunan mutane."

"Shekara nawa kana wurin nan ƙura ba ta dame ka ba?"

"Da ƙurar da ta yanzu ba ɗaya ba ce. Zauna ka yi aikinka, ka cika tambaya kamar ma'aikacin haraji."

Tela ya zauna. Haske ya faɗo a kan allura, ya ga idonta, ya ga baƙin zaren nan a kan shuɗi ɓaro-ɓaro har kunya ta kama shi. Da farko ya ji daɗi, ya ce ashe dai duhu ne. Amma mutum in ya riga ya yi zargi ba ya komawa kamar da. Ya faki idon maƙwabcinsa, ya rufe idon hagu da tafin hannu ya dubi titi. Ga mai keke, ga mai tura ruwa, lafiya, sai ɗan dishi-dishi. Ya rufe na dama. Titin ya koma kamar ana kallonsa ta cikin labule, mutane sun zama inuwa masu motsi. Ya daɗe a haka, hannu a fuska.

"In ka gama gaisawa da titin," in ji Ido Ɗaya daga ciki, "kawo rezar nan in taya ka farkewa."

Haka suka yi. Ido Ɗaya ya maƙala gilashinsa yana farke baƙin ɗinki da reza da ɗan hantsakin agogo, tsaf, ko zare ɗaya na yadin bai cira ba. Shi yake ware zare, shi yake zura wa keke in ya ƙare. Tela yana ɗinki tun rana tana fitowa har ta juya bayan gini, daga nan ya tsaya, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Ba wanda ya sake cewa a tsagaita wuta. Layin alli ma ƙafa ta share shi.

Tela yana lura da wani abu kuma. Mutum zai zo da agogo a hannu, ya ɗaga kai ya ga babban agogo, ya sauke ya ga tela da tulin yadi, sai ya yi tsammani mai gyaran ya tashi, ya wuce. Tela ya riƙa ƙwala musu kira yana cewa yana ciki, yana ciki. Wasu su dawo, wasu sun riga sun yi nisa. Ya gaya wa Ido Ɗaya, shi kuwa ya ce agogon da ya tsaya ba ya gudu, za su dawo.

Kayan makaranta suka kammala ana gobe komawa. Malama ta duba su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa, ta juya aljihu, ta haɗa ƙafafun wando. Da ta gama ta ɗaure, sai ya ce, yana kallon wani wuri, "Asibitin nan naku, da safe ake zuwa ko da yamma?"

Likita ya haska idon ya ce yanar ido ce. Ta hagu ta nuna, ta dama ta soma. Ya ce ana cirewa, ba wani abin tsoro ba ne, amma masu aikin ɗinki irinsa sukan zo a makare, don suna zaune cikin haske suna ganin kamar lafiya. Ya tambaye shi me ya sa ya farga.

"Gwamnati ce," in ji Tela.

Aka yi aikin. Ya dawo layi da bandeji a idon hagu, kafin azahar kuwa suna ya bi gari. Masu wucewa suna leƙowa suna tambaya wanne ne Ido Ɗaya na asali. Ido Ɗaya ya ce shi dai ba ya son kwaikwayo, in sana'ar ake so a zo a durƙusa a koya.

Ana cikin haka majalisa ta gama muhawararta. Rediyo ya ce da aka zagaya aka ga rabin ƙofofin gari sun koma bango, sai aka jingine maganar ƙofa, aka ce sana'a za a bi. Masanin nan da ya ce ƙofa ba ta ɓuya ya dawo yana cewa shi dama tun farko ya hango haka. Wata ma'aikaciya mai ladabi ta zo shagon, ta gaida su, ta dubi keke, ta dubi agoguna.

"Ƙofa ɗaya ce fa, 'yata," in ji Ido Ɗaya, ko za a dace.

"Na gani, Baba. Sana'a ce biyu."

Da ta fita suka dubi juna, ido ɗaya da ido ɗaya. Tela ne ya fara dariya, yana dafe bandeji don likita ya hana shi jijjiga.

Magini ya dawo da gudumarsa, fara'arsa ta fi ta da. Ya fasa ƙofar Tela, rana ta shigo ta kwanta inda ta saba. Ya tattara bulon ya tambaya ko a mayar da bangon tsakiya yadda yake.

"Kwashe su ka tafi da su," in ji Tela. "Wa zai riƙa zura mini zare in idon dama ya tashi da tasa rigimar?"

"Ni dai a mayar mini da teburina bakin ƙofata," in ji Ido Ɗaya. "Ƙurar nan na yi kewarta."

Ran da aka cire bandejin, Tela ya zauna a ƙofarsa ya lashi bakin zare. Ya shiga karo ɗaya. Ya taka keke, ƙusoshin maƙwabcinsa suka kama tsalle.

In ana maganar wanda ya ci da wanda aka ci, magini ne a gaba, don an biya shi ya toshe, an biya shi ya buɗe, ya kuma tafi da bulo. Hukuma ta karɓi harajinta biyu cif, kamar ba a taɓa fasa bango ba. Makarantar Malama an sa wa ofishin shugaba sabon kwano da azuzuwa biyu na gaba, nata ajin an ce sai zagaye na gaba, har yanzu in hadari ya haɗo lungu suke komawa, ita da babanta kuma kowa yana cewa maganarsa ce ta fito. Ido Ɗaya ya yi asarar masu gyaran da suka wuce ba su dawo ba, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba, rediyon safe ma har yau ba a mayar masa ba. Tela ya rasa aikin makaranta, don shugaba ya karɓi kayan ya yi godiya, amma da shekara ta zagayo wani matashi mai keken lantarki aka ba. Ya kuma rasa bakin cewa ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba. Abin da ya samu shi ne idon hagu, da ranar da likita ya sa masa don na dama.